Baƙi a Tsibiran Amana: 'Yan Sa-kan Amurka da Mulkin Kan Maikronesiya

A yammacin tekun Pasifik, tsakanin Hawai da Filifin, akwai tsibirai fiye da 2,000 da ake kira Maikronesiya. In an harhaɗa ƙasarsu wuri guda, da kyar za ta wuce murabba'in kilomita 1,800, amma ruwan da suke warwatse a kansa ya kusa faɗin ƙasar Amurka. Waɗansu tuddai ne masu dazuzzuka da yawan ruwan sama, irin su Pohnpei da Kosrae. Waɗansu kuwa zoben murjani ne da bai ɗara teku da tsayin mutum biyu ba. Mutanen wurin masunta ne, manoman gwaza da kwakwa, kuma gwanayen tuƙin jirgin ruwa da ke bin taurari su ƙetare teku. Kowane gungu da harshensa, da sarakunansa, da dokokinsa na gadon ƙasa.

Baƙi huɗu ne suka yi mulkinsu bi da bi. Sifen ce ta fara da'awar mallakarsu. Jamus ta ɗora hannu a kan tsibiran Marshal a 1885, sannan ta sayi sauran daga Sifen a 1899, ban da Guam da Amurka ta riga ta karɓe. Japan ta ƙwace su a 1914, ta kafa gonakin rake da masana'antun kifi, ta kwaso mutanenta har suka fi 'yan ƙasa yawa. Yaƙin Duniya na Biyu ya share duk wannan. A 1944 aka gwabza a Kwajalein, da Saipan, da Peleliu, aka nutsar da jiragen Japan a tafkin Chuuk, wanda a lokacin ake kira Truk. Mutanen tsibiran ba su da hannu a rigimar, amma a gonakinsu aka yi ta, su ne kuma suka sha yunwar da ta biyo baya.

Amanar da aka yi wa riƙon sakainar kashi

A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta damƙa wa Amurka tsibiran a matsayin ƙasar amana. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Arewacin Kamaru na Ingila, wato ƙasashen Mubi, Gwoza, Dikwa da Ganye, shi ma amana ne a hannun Ingila, har mutanensa suka kaɗa ƙuri'ar raba-gardama a 1961 suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Sharaɗin amana ɗaya ne a ko'ina: mai riƙo ya raya ƙasa, ya ilimantar da mutanenta, ya kai su ga mulkin kai ko cikakken 'yanci. Sai dai cikin ƙasashen amana 11, Maikronesiya kaɗai aka ware aka ce yankin tsaro ce. Don haka aka sa ta ƙarƙashin Kwamitin Sulhu, inda Amurka ke da ikon hawa kujerar na-ƙi, aka kuma yarje mata ta kafa sansanonin soja, ta rufe duk tsibirin da ta ga dama.

Tun kafin a sa hannu a takardar amanar, an riga an kwashe mutum 167 daga Bikini a 1946. Daga wannan shekara zuwa 1958 an tayar da bama-baman nukiliya 67 a Bikini da Enewetak. Mafi girmansu, wanda aka tayar ranar 1 ga Maris 1954, ya zubar da farar toka mai guba a kan mutanen Rongelap da Utirik. Fatar mutane ta ƙone, gashi ya zube, daga baya cutar maƙogwaro da sankara suka bayyana. A sauran tsibiran kuwa, sakaci ne ya yi sarauta. Sojan ruwa ya riƙe mulki zuwa 1951, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta karɓa da ɗan kasafin da bai taka kara ya karya ba. Hanyoyin da Japan ta bari suka lalace, asibitoci suka zama rumfunan kwano masu tsatsa, baƙo kuma ba ya shiga sai da izinin hukuma.

A 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka sami 'yanci, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin kawo ƙarshen mulkin mallaka. Tawagar da ta aika Maikronesiya a 1961 ta dawo da rahoton da ya kunyata Amurka ta fuskar ilimi, lafiya, tattalin arziki da siyasa. Shugaba Kennedy ya ninka kasafin yankin, aka mai da Turanci harshen koyarwa, sannan a 1963 ya tura wata tawaga ƙarƙashin masanin tattalin arziki Anthony Solomon. Rahoton Solomon bai ɓoye nufinsa ga masu karanta shi a Washington ba: a zuba kuɗi, a gina makarantu, a cusa Turanci, sannan a shirya ƙuri'ar raba-gardama cikin 'yan shekaru, a lokacin da jama'a za su zaɓi zama da Amurka har abada. Cikin shawarwarinsa har da aiko 'yan sa-kan Peace Corps. An ɓoye ɓangaren siyasar rahoton.

Majalisa ta riga baƙi zuwa

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, kafin ɗan sa-kai ko ɗaya ya taka tsibiran, 'yan ƙasa sun riga sun kama hanya. Makarantar sakandare ta gwamnati da ke tara yaran dukkan gundumomi, da makarantar Xavier ta 'yan mishan a Chuuk, sun fitar da samari da suka san juna, suka kuma fara kallon kansu a matsayin al'umma ɗaya. Ranar 12 ga Yuli 1965 Majalisar Maikronesiya ta yi zamanta na farko a Saipan, da wakilai daga gundumomi shida. Cikinsu akwai Tosiwo Nakayama na Chuuk, da Amata Kabua da Dwight Heine na Marshal, da Lazarus Salii na Palau, da Bethwel Henry na Pohnpei. Ikonta kaɗan ne, domin Babban Kwamishinan Amurka na iya soke duk dokar da ta yi, kuɗin da ke zuwa daga Washington kuma ba ya hannunta. Duk da haka, a karon farko mutanen tsibiran sun sami zauren da za su yi magana da murya ɗaya.

Kennedy ne ya kafa Peace Corps a 1961. Rukuninta na farko Ghana ya sauka, a shekarar kuma ta shiga Najeriya, ta isa Nijar a 1962, kuma dattawa da yawa a Arewa na tuna malamansu Amurkawa na wancan zamani. An kafa ta ne don ƙasashen waje, shi ya sa aka yi ta jinkirin kai ta yankin da Amurka ke mulka da kanta. A 1966, zamanin Shugaba Johnson, aka kawar da wannan shakka, aka baza talla a jami'o'i ana kiran matasa zuwa aljannar duniya. Cikin shekara biyu adadinsu ya kai wajen 900, a yankin da mutanensa ba su wuce 100,000 ba. Kusan kowane mutum ɗari na da ɗan sa-kai guda, abin da ba a taɓa yi a wata ƙasa ba.

Ma'aikatan mulkin Amurka na zaune ne a hedikwatocin gundumomi, cikin gidajen gwamnati, suna sayayya a kantinsu. Ɗan sa-kai kuwa jirgin rangadi ke sauke shi a tsibirin da bai fi mutum ɗari biyu ko uku ba, ya juya ya bar shi. Jirgin ba zai dawo ba sai bayan watanni, ya kawo shinkafa da fulawa da kananzir, ya sayi busasshiyar kwakwa. Baƙon zai zauna a gidan wani dattijo, ya kwana a tabarma, ya ci kifi da gwaza, ya sha ruwan sama da aka tara a tanki. Da safe ya tsaya gaban yara a makarantar da aka rufa da ganyen kwakwa, yana faɗin jimlar Turanci suna maimaitawa. Da yamma shi ne ɗalibi, tsofaffi na gyara masa harshe suna dariya. Saboda horar da waɗannan matasa ne masana a Jami'ar Hawai suka rubuta darussan harsunan tsibiran, aikin da daga baya ya haifar da ƙamusoshi da littattafan nahawu.

Wanda ya ci abincin gida ya kwana a ɗakin gida, ba zai daɗe bai ga abin da ke damun gidan ba. Matasan nan 'ya'yan zamanin fafutukar 'yancin baƙar fata ne da adawa da yaƙin Biyetnam, ba su zo da tsoron hukuma ba. Sun ga asibitin da babu magani, sun ga filayen da soja ya riƙe ba diyya, sun ga mutanen Bikini a tsibirin Kili, wanda ba shi da tafkin kamun kifi, igiyar ruwa kuma kan hana jirgi sauke kaya wata da watanni. Suka fara rubuta wasiƙu gida, suna taya mutane tsara takardun koke zuwa Saipan, da Washington, da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Amma ba su ne suka koya wa jama'a ƙin zalunci ba. Mutanen Enewetak, da aka kwashe zuwa Ujelang tun 1947, sun yi shekara ashirin suna fama da ƙarancin abinci da ɓeraye masu cinye kwakwa. A watan Oktoba 1967, da jirgin rangadi ya iso, kusan duk mutanen tsibirin, maza da mata da yara, suka haye shi suka ce ba za su sauka ba sai an kai su Majuro. Wani jami'i ɗan Marshal da ke cikin jirgin, Ataji Balos, shi ya sasanta. Ya ce su sauka, shi zai zauna tare da su, in yunwa ce ta kashe su gaba ɗaya, har sai gwamnati ta aiko da abinci. Aka kuwa aiko. Daga baya Balos ya zama ɗan Majalisar Maikronesiya, yana cikin masu ɗaga murya kan waɗanda bam ya cutar.

Lauyoyi, jarida da jirgin ruwa

Cikin 'yan sa-kan akwai ƙananan lauyoyi da aka raba wa majalisun gundumomi da kotuna. Su ne suka fi tayar wa hukuma hankali. Suna taya 'yan majalisa rubuta daftarin doka, suna buɗe musu yarjejeniyar amana suna nuna musu abin da Amurka ta ɗauki alkawari, suna bayyana wa masu filaye cewa ana iya kai gwamnati ƙara. Manyan soja, waɗanda ke hangen sababbin sansanoni a Palau da Mariyana, suka yi ƙorafin cewa ana zuga jama'a. A 1969 gwamnatin Nixon ta rufe shirin lauyoyin, aka kuma rage yawan 'yan sa-kan. Sai dai ƙofar da aka buɗe ba ta rufu ba. A farkon shekarun 1970 aka kafa hukumar ba da agajin shari'a ta Maikronesiya, kuma da taimakonta mutanen Enewetak suka je kotun tarayya a Hawai suka tsayar da sababbin gwaje-gwajen fashewa da sojan sama ya fara a tsibirinsu.

Waɗansu sun gama wa'adinsu suka ƙi tafiya. Joe Murphy da Mike Malone sun kafa jaridar Micronitor a Majuro a 1970, jarida mai zaman kanta a yankin da gwamnati ce ke riƙe da rediyo da injin buga takardu. Ita ce ta rikiɗe ta zama Marshall Islands Journal da ake bugawa har yau. A 1971 ɗaliban Maikronesiya da ke karatu a Hawai suka fallasa ɓoyayyen ɓangaren rahoton Solomon, jaridar ta yaɗa shi, jama'a suka karanta da idonsu abin da aka ƙulla a kansu, har da dalilin aiko musu da malamai.

A ƙaramin tsibirin Satawal kuwa, wani ɗan sa-kai mai suna Mike McCoy ya yi abota da Mau Piailug, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage masu ilimin tuƙi na gado. McCoy ne ya haɗa shi da wani masani mai suna Ben Finney a Honolulu. A 1976 Mau ya ja ragamar jirgin gargajiya Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti, tafiyar kilomita kusan 4,000, babu kamfas babu taswira, sai taurari da iska da yanayin igiyar ruwa. Tafiyar ta farkar da al'ummomin Pasifik ga darajar ilimin kakanninsu. Gudunmawar baƙon ita ce gabatarwa. Ilimin na Mau ne da na iyayensa.

Ba a rasa ɓarna ba. Da yawa daga cikin matasan ba su da horon koyarwa, an kuma turo su da yawan da hukuma ba ta san aikin da za ta ba su ba. Zuwansu ya ture malaman gida gefe a makarantu da dama. Mafi nauyi shi ne irin karatun da suka kawo, wanda ke shirya yaro don aikin ofis a ƙasar da ofis ɗaya ne, na gwamnati. Samari suka bar gonar gwaza da kwale-kwale suka tattaru a Majuro, da Kolonia, da Koror suna jiran albashi, shinkafa da naman gwangwani suka maye gurbin abincin gida. Ta wannan fuska burin Solomon ya cika, domin tsibiran sun wayi gari ba sa iya biyan malamansu da ma'aikatan asibitinsu sai da kuɗin Washington. Mai kyakkyawar niyya na iya zama hannun wata manufa da bai sani ba.

Teburin shawara

A 1967 Majalisar Maikronesiya ta kafa kwamitin nazarin makomar siyasa ƙarƙashin Lazarus Salii. Kwamitin ya zaga ƙasashe yana duba yadda wasu tsibirai suka yi, ya kuma kai rahoto a 1969: a nemi ƙawancen ganin-dama da Amurka, irin wanda tsibiran Cook suka ƙulla da New Zealand a 1965, in hakan ya gagara a nemi cikakken 'yanci. A 1970 Amurka ta yi tayin shigar da yankin cikinta na dindindin, tare da riƙe ikon karɓe ƙasa in soja ya buƙata. Ga mutanen da ƙasa ita ce asali da sarauta da kabarin kakanni, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Majalisa ta ƙi, ta kafa sharuɗɗa huɗu: mulki na jama'ar Maikronesiya ne, suna da ikon zaɓen makomarsu har da 'yanci, su za su rubuta tsarin mulkinsu, kuma kowane ɓangare na iya fita daga ƙawancen.

Haɗin kan bai ɗore ba. A 1971 aka ƙona ginin majalisar a Saipan. Shugabannin Mariyana ta Arewa na son zama cikin Amurka, ita kuma ta buɗe tattaunawa da su daban, a 1975 kusan kashi 79 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince. A wannan shekarar, daga Yuli zuwa Nuwamba, babban taron tsarin mulki ya zauna a Saipan ƙarƙashin Nakayama, da zaɓaɓɓun wakilai da sarakunan gargajiya. Wani tsohon ɗan sa-kai, marubuci P. F. Kluge, abokin Salii, shi aka nema ya taimaka wajen tsara kalmomin gabatarwar kundin. Amma muhawarar da ta cinye watanni, kan rabon iko tsakanin tarayya da jihohi, da matsayin sarakuna, da hana baƙo mallakar ƙasa, wakilai ne suka yi ta, su suka yanke.

Ranar 12 ga Yuli 1978 aka kai kundin gaban jama'a. Yap, Chuuk, Pohnpei da Kosrae suka karɓa, suka zama Tarayyar Maikronesiya, Nakayama ya zama shugabanta na farko a 1979. Marshal, mai samun kuɗin hayar sansanin gwajin makamai masu linzami na Kwajalein, ta ƙi, ta kafa gwamnatinta a 1979 ƙarƙashin Amata Kabua. Palau ma ta ware. Yarjejeniyar ƙawancen ta fara aiki a Marshal da Tarayyar Maikronesiya a 1986: su riƙe mulkin gida da hulɗar waje, Amurka ta riƙe tsaro da ikon hana sojan wata ƙasa shiga, ta ba da tallafin kuɗi, 'yan tsibiran kuma su shiga Amurka su yi aiki ba biza. An ware dala miliyan 150 don diyyar nukiliya, adadin da ya gaza biyan hukuncin da kotun diyyar ta yanke daga baya. Ƙasashen biyu sun shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991.

Palau ce ta fi shan wuya. Tsarin mulkinta ya haramta shigo da makaman nukiliya sai da yardar kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a, Amurka kuma ta ce ba ƙawance sai an ɗage wannan. Sau bakwai ana kaɗa ƙuri'a ba a kai adadin ba. An harbe shugaban farko, Haruo Remeliik, a 1985, Salii da aka zaɓa bayansa ya rasu da harbin bindiga a 1988. Dattawan mata, cikinsu har da Gabriela Ngirmang, suka tsaya a kotu suna kare kundin duk da barazana. Sai da aka sassauta sharaɗin a 1992 sannan ƙuri'a ta takwas ta wuce. Ranar 1 ga Oktoba 1994 Palau ta sami 'yanci, ita ce ƙasar amana ta ƙarshe a duniya.

Peace Corps ta bar Marshal a 1996, ta rufe aikinta a Tarayyar Maikronesiya da Palau a 2018, bayan fiye da mutum 4,000 sun yi aiki a yankin. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Waɗanda ake tunawa da alheri cikin 'yan sa-kan su ne waɗanda suka gane haka: suka koyi harshe, suka miƙa abin da suka sani na doka da rubutu da hanyar isa ga masu iko, suka bar shawara a hannun masu ƙasa. An aiko su don a ɗaure tsibiran ga Amurka, kuma ɗaurin kuɗi ya kama. Amma Turancin da aka koyar don a jawo mutane, da shi suka karanta yarjejeniyar amana, da shi suka ƙi tayin 1970. Mutanen Bikini har yau ba su koma gida ba, teku na cin gaɓar Marshal, kasafin ƙasashen uku kuma na dogara da tallafin da aka sabunta a 2024. Waɗannan matsaloli ne manya, sai dai yanzu shugabanni da 'yan majalisar da mutanen tsibiran suka zaɓa ne ke zama a teburi su yi ciniki a kansu, da sunan ƙasashensu, kuma jama'arsu na da ikon sauke su in sun gaza.